Mai Riƙon Tutar Manzo

Zuwa ga Goggo,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kina lafiya, ciwon gwiwar nan kuma ya yi sauƙi. Ya Fasto da 'yan zumuntar mata? Mu nan lafiya lau, sai godiya.

Albishirinki. Mai ɗakina ta sauka lafiya, mun samu mace. Tun da Baba ya rasu ba ni da wata babba a dangin uba sai ke, duk da ke 'yar baffansa ce, shi ya sa ke na fara rubuta wa. Manzo, shugaban ikkilisiyarmu, da kansa ya ɗauke ta a gaban jama'a, ya sa mata albarka, ya raɗa mata suna Nissi. Na san sunan zai yi miki baƙo, don a wajenku sunan kakanni ake ta juyawa. Daga sunan Allah aka ciro shi, Yahweh Nissi, wato Ubangiji ne tutata. Shi ne kuma sunan ikkilisiyarmu.

Ga albishir na biyu. Na bar aikin lantarki. Ina kan tsani ina gyaran fitila a majami'a, Manzo ya zo wucewa, ya ɗaga kai ya ce, "Sauko, ɗana. Wannan tsayin naka ba na fitila ba ne, na tuta ne." Yanzu ni ke riƙe tuta a gabansa duk inda zai shiga, da farar safar hannu. Sai na wuce jama'a ke miƙewa.

Goggo, da kin ga wurin nan da kin san kun daɗe kuna wasa da ibada. Har yanzu rufin yana yoyo, kuna jera roba a tsakanin bencuna in ruwa ya sauko? Har yanzu Fastonku yana gyangyaɗi kafin a gama waƙar farko? Ba raini ba ne, tausayi ne.

Na sa miki ƙaramar tuta a cikin ambulan, ita ma Manzo ya sa mata albarka. Ki rataye ta a saman gadonki, gwiwar za ta saki. Ya ce duk wanda ba ya ƙarƙashin tuta a fili yake, kibiyar maƙiyi ba ta kuskure shi.

Ɗanki,
Dogo

*

Dogo,

Na amsa gaisuwarka. Gwiwa tana nan yadda ka san ta, ni da ita mun saba. Barka da arziki. Ka gaishe da maijego, ka ce mata ta riƙa hutawa, kada ta biye maka.

Tuta ta iso. Sai da na sa tabarau kafin na ga sunan Allah, don a can ƙasa aka maƙala shi kamar sunan kamfanin da ya ɗinka riga. Fuskar mutuminku kuwa ko makaho ya shafa zai ji ta. Haƙoran ma sun samu fili fiye da Mahaliccinsu.

Ka ce sunan zai yi mini baƙo. Yaro, ina koyar da shi a makarantar Lahadi tun uwarka ba ta san ubanka ba. Tun da ka manta, zauna in maimaita maka. Amalekawa suka tare wa Isra'ilawa hanya. Joshuwa na ƙasa yana yaƙi, Musa na kan tudu da hannu a ɗage. In hannun na sama sai su yi rinjaye, in ya sauko sai a kora su. Tsoho ne, hannun ya gaji, har sai da aka zaunar da shi a kan dutse, Haruna da Hur suka tallafe shi dama da hagu. Da aka ci nasara ya gina bagade. To, ka lura. Kafaɗar Musa ce ta yi tsami, mutanen Joshuwa ne suka zub da jini, amma babu wanda sunansa ya hau bagaden nan. Ya ce Ubangiji ne tutarsa. Tuta a wajen yaƙi ba laya ba ce, ba maganin gwiwa ba ce. Ita ke gaya wa soja na wane ne shi, da inda zai koma in ƙura ta ruɗe. Musa cewa yake yi: mu na Allah ne, ni kaina ba kowa ba ne.

Naku kuwa ya ari sunan ya liƙa hotonsa a kai. Kai kuma da aka kashe wa kuɗin koyon sana'a, ka ajiye ta ka zama sandar rataya ƙyalle. Jama'a ba kai suke miƙe wa ba, Dogo. Ko a kan jaki aka kafa sandar nan za su miƙe.

Robobinmu suna nan, kuma ruwan da muke tara muna ba shuke-shuken bakin majami'a. Fasto yana gyangyaɗi don ya tsufa a kan aiki, bai taɓa cewa a zana fuskarsa a jikin komai ba.

Daga yau duk abin da mutumin nan ya sa wa albarka, kada ka kawo mini shi gida.

Goggonka

*

Dogo,

Ina gaisuwa. Ina lafiya, in har kana son sani.

Damina ta shigo ta fita ban ga amsarka ba. Ko sandar ce sai da hannu biyu, babu na riƙe biro? Ko sai an nemi izini daga mai haƙora kafin a gai da dangi? In hakan ne ka gaya masa wata tsohuwa tana roƙon arziki, a ara mata ɗan ɗan'uwanta na ɗan lokaci ya rubuta mata layi biyu.

Yarinya ta fara zama? Na saƙa mata hula da safa, har sun kusa yi mata kaɗan a cikin akwatina.

Goggonka

*

Zuwa ga Goggo,

Na gaishe ki. Muna lafiya.

Ban yi niyyar amsawa ba, Manzo ne ya ce in rubuta don kada jininki ya hau kaina. Wasiƙarki ta farko na kai masa, don ba ma ɓoye masa komai. An karanta ta a lasifika ranar taron ma'aikata. Da aka zo wajen jaki mutane suka yi ta kallona. Manzo bai yi fushi ba, murmushi ya yi, ya ce, "Kun ji muryar Amalek. Ba daga waje yake zuwa ba, daga cikin dangi yake fitowa, da tabarau da Littafi a hannu."

Ki riƙe hularki. Ke da kika ce duk abin da Manzo ya sa wa albarka kada a kawo miki gida, kin san sarai wa ya sa wa albarka a gaban jama'a. Jaririya ba ta yi miki komai ba, amma kin kore ta tun ba ta san hannun damanta ba. Wannan shi ne addinin naku na masu roba.

Labarin Musa da kika ba ni, mun san shi fiye da ke. Abin da ba ki gane ba shi ne, in babu hannun Musa babu nasara. Allah ba ya yaƙi sai ta hannun mutuminsa. A zamaninmu Manzo ne hannun, mu ne masu tallafe shi. Kin yi shekaru kina koya wa yara haddar sunaye, ba ki taɓa ganin gurgu ya tashi ba.

Ƙarshen watan gobe za a yi ranar alkawari. Kowane ma'aikaci zai durƙusa da iyalinsa, ya kama bakin tuta, ya rantse ba shi da wani uba a duniya sai Manzo, ba shi da dangi sai na ƙarƙashin tuta. Mai ɗakina tana ta noƙewa, na kuma san daga inda iskar ta kaɗo. Ki fita harkar gidana.

Dogo

*

Zuwa ga Goggo,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ya jiki, ya gwiwa? Ni ce matar Dogo. Bai san na rubuta ba, a ɗakin jira na asibiti nake, wata ma'aikaciyar jinya ce ta ara mini biro.

Ya ce miki muna lafiya. Ba mu da lafiya, Goggo. Yarinya ta yi kwanaki da zazzaɓi da tari, numfashinta har ƙara yake. Na ce mu je asibiti, ya ce sai ya tambaya. Ya dawo da babbar tutar da kansa, wai Manzo ya yi mana alfarma a lulluɓe ta da ita, don a ƙarƙashin tuta cuta ba ta kwana. Muka lulluɓe ta. Ina kallon fuskar mutumin nan a kan ƙirjin 'yata tana hawa tana sauka da ƙyar. Da leɓenta ya fara canza launi na yaye ƙyallen na jefar a kan kujera, na goya ta na fita. Dogo ya biyo ni har bakin titi yana cewa, "Za ki tona mini asiri! Me zan gaya masa?" Na ce, "Ka gaya masa 'yarka na mutuwa."

Likita ya ce limoniya ce, wato ciwon huhu, da mun ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Yanzu tana shan nono, an cire mata robar hanci.

Matan majami'a sun zo, ba dubiya ba. Shugabarsu ta tsaya a ƙofar ɗaki, ko zama ba ta yi ba, ta ce na ci amanar tuta. Sharaɗinsu shi ne in durƙusa ranar alkawari in nemi gafara a lasifika, in ba haka ba a karɓi yarinyar a ba wata mai bangaskiya ta rene ta. Ba zan durƙusa ba. Ni ubana yana da rai, ko da ya mutu ma ba zan canza shi da mai turare ba. Gidan iyayena ya yi wa jaririyar da ta tashi daga ciwo nisa, ke ce kusa. Shi ya sa nake tambaya, kuma ki gaya mini gaskiya: da gaske kin ce kada a kawo miki ita?

Abu ɗaya kuma, ki yi haƙuri da bakina. Ranar da aka karanta wasiƙarki a lasifika, Dogo ya dawo ya shiga banɗaki ya kunna famfo don kada in ji kukansa. Can ana ce masa ɗana, ke kina ce masa jaki. Ke kanki in ke ce, ina za ki nufa?

'Yarki,
Maman yarinya

*

'Yata,

Na gode wa Allah da ya ba yarinyar nan uwa mai kai, tun da ta wajen uba an yi asara. Ina lafiya. Ki shafa mini kanta.

Ƙyalle na ce kada a kawo mini, da ruwan kwalba da man shafawa da sauran tarkacen da suke sayarwa. Wane irin mahaukaci ne zai karanta wannan ya ga jaririya a ciki? Sai wanda ya ba da aron ƙwaƙwalwarsa, aka karanta masa. Ranar da likita ya sallame ku kada ki koma gidan. Ki wuce tasha kai tsaye. Na share ɗakin da ke kallon bishiyar lemo, na sa an gyara tagar da ba ta rufuwa.

In shugabar matan ta tare ki, ki tambaye ta a wane shafi aka rubuta cewa a ƙwace ɗa daga uwarsa don ta kai shi asibiti. Ki ba ta lokaci ta nema. Za ki iso nan ba ta samo ba.

Kada kuma ki tsani sunan 'yarki saboda bakin da ya furta shi. Sunan ba nasa ba ne, tsinta ya yi. Ya riga kakan kakansa zuwa duniya. In ta girma za mu gaya mata ma'anarsa: ita ta Allah ce, ba ta wani mai lasifika ba.

Maganar jaki kuwa, ban ce masa jaki ba, cewa na yi ko jaki zai iya aikin. Amma na ji ki. Mijinki tun yana ƙarami haka yake, duk wanda ya dafa masa kafaɗa ya saye shi. Ni kuma ba a halicce ni da hannun dafawa ba.

Goggonku

*

Zuwa ga Goggo,

Ina gaisuwa. Ya gwiwa? Na san mai ɗakina da yarinyar suna wajenki, maƙwabciyarmu ta gaya mini. Ban rubuta da wuri ba don ban san da wane baki zan fara ba.

Na yi rantsuwar. Gara ki ji daga gare ni. Kowa ya durƙusa da matarsa da 'ya'yansa, ni kaɗai na durƙusa ni ɗaya. Manzo ya sa aka kawo mini lasifika, ya ce tun da gidana ya fita daga tuta, sai in ƙara a kan abin da kowa ya faɗa. Na ce ba ni da uba sai shi. Na ce ba ni da mata, ba ni da 'ya, ba ni da dangi a wajen tuta. Jama'a suka yi tafi. Ya dafa kaina ya ce, "Wannan shi ne ɗa."

Lahadin da ta biyo baya na zo da safar hannuna a goge, sai na tarar da sandar a hannun wani. Mataimakin Manzo ya ja ni gefe ya ce wanda ya kasa riƙe gidansa ba zai riƙe tuta ba, amma an yi mini jinƙai, an ba ni filin ajiye motoci. Na karɓa. Na ce gwaji ne. Na yi makonni ina daga nan zuwa can da usur a baki, ina jiran ranar da zai aiko a kira ni.

Shekaranjiya motarsa ta tsaya daidai inda nake. Gilashi ya sauka. Na cire hula na matso. Ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Kai, mai gadi, kawar da wannan kwandon shara daga hanya." Na kawar. Gilashi ya hau.

Ban koma ba tun ranar. Ina zaune a ɗaki, kayan yarinyar suna nan yadda aka bar su.

Goggo, ba neman tausayi nake ba, na san ba ki da shi a ajiye. Tambaya ce da ni, kuma ke kaɗai na sani da za ta amsa ba tare da ta shafa mini mai ba. Na rantse da sunan Allah, a gaban jama'a, hannuna a kan sunansa. Rantsuwar nan ta ɗaure ni? In na taka ta, Allah na taka ko mutum? In kuma na riƙe ta, ba ni da 'ya ke nan har abada?

Dogo

*

Dogo,

Ina lafiya. Yarinya ta murmure, tana rarrafe, ta riga ta fasa mini kofi biyu. Uwarta ta samu aiki a shagon ɗinki na bakin kasuwa.

Na karanta wasiƙarka sau biyu. Karo na farko na yi niyyar in amsa maka yadda ka cancanta, matarka ta ɓoye biro. Ka gode mata.

Ga amsar tambayarka. Ka taɓa ganin ɗan haya ya sayar da gidan da yake haya, cinikin ya tsaya? Ranar da aka yi maka baftisma ina tsaye a wurin, ina riƙe da tawul. Tun ranar kana da mai kai, Allah ne ya mallake ka. Abin da ka durƙusa ka miƙa wa mutumin nan ba naka ba ne balle ka bayar. Matarka kuwa a gaban Allah ka yi mata alkawari tun kafin ka san akwai wani Manzo a duniya, alkawarin da ya zo daga baya ba ya cin wanda ya riga shi. Rantsuwarka ba ɗauri ba ce, zunubi ce. Ba a cika zunubi, tuba ake yi. Bitrus ma da rantsuwa ya ce bai san Ubangijinsa ba, kuma shi a gaban masu takobi ya yi, ba don farar safar hannu ba. Duk da haka aka karɓe shi, aka ba shi aiki.

Sai dai kada ka ɗauka kowa Allah ne. Na karanta wa matarka abin da ka faɗa a lasifika, don ba zan ɓoye mata ba. Ba ta yi kuka ba. Ta ce tun da a gaban jama'a ka ce ba ka da mata, a gaban jama'a za ka ce kana da ita. Na gaya wa Fasto, ya ce zai ba ka fili bayan wa'azi, ya kuma yi alkawarin zai kasance a farke. Lasifikarmu ta lalace, sai ka ɗaga murya.

Kafin nan ba za ka kwana ɗakinta ba. Akwai katifa a ɗakin ajiya, kusa da buhunan abincin kaji. Ka zo da akwatin kayan aikinka, wayoyin majami'a duk ɓera ya ci, mu kuma ba mu da mai hawa tsani.

Matarka ta ce in gaya maka ba ta gaishe ka ba. Ta kuma ce takalmin yarinyar na hagu yana ƙarƙashin gado, ta wajen bango. Kada ka zo babu shi.

Goggonka